Ni Na Ce a Kashe Injin Mijina

Litinin, lokacin hutun rana

Yau na sa hannu a takardar shiru. Haka ake mana a sashen kuɗi duk ƙarshen zango: daga yau har ranar da kamfani zai fitar da rahotonsa na wata uku, ba wanda za ka gaya wa abin da ka gani a kwamfuta, ko da uwar da ta haife ka ce. Shekara da shekaru ina sa hannun nan kamar mai karɓar saƙo, ban taɓa karanta takardar ba sai yau. Na bi ta har ƙasa. Ba inda aka ce kar a gaya wa littafi, don haka ga ni.

Sau ɗaya zan rubuta, ba zan sake ba. Hedikwata ta ce idan kuɗin hannu bai ɗago a wannan zangon ba, za a rufe layi na uku, na garin sabulu. Mijina ne shugaban layi na uku.

Oga, shugaban sashenmu, ya faɗi maganar a taro yana goge tabarau, bai dube ni ba. Sauran ma kowa ya duƙufa a kan takardarsa kamar ranar jarrabawa. Wallahi da sun dube ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, bayan magariba

Injiniya, wato mijin nawa, ya shigo gida yana waƙa. Ni na raɗa masa Injiniya don tsokana, shi kuma ya rama da Akanta, har 'yarmu Auta ta taɓa tambaya ko sunayenmu ke nan na gaskiya. Ko takalmi bai cire ba ya ce, "Akanta, ki zauna tukuna. Yau mun fitar da katan ɗin da ba a taɓa fitarwa ba tunda aka kafa layin nan. Manaja da kansa ya sauko ya rubuta a allo."

Na ce, "Masha Allah, sannunku da ƙoƙari."

Ya ce, "Shi ke nan? Masha Allah kawai? In bonas ya fito firij zan canza miki, wannan tsohon da ke nishi kamar mai ciwon haƙori ya huta."

Na yi dariya, na zuba masa abinci.

Laraba, da safe kafin mutane su iso

Abin da ke cina shi ne a takarda riba muke ci. Sabulun wanka yana tafiya, man shafawa yana tafiya, man goge baki ma ba laifi. Amma ni aikina ba riba ba ne, shige da ficen kuɗi ne: me ya shigo asusu da gaske, me ya fita. Zangon farko kuɗin hannu ya ɗan sauka, muka ce yanayin kasuwa ne. Na biyu ya ƙara sauka, muka ɗora wa diloli laifi, muka ce ba sa biya da wuri. Na uku muka daina cewa komai. Wannan shi ne na huɗu.

Jiya na roƙi mai sito ya zaga da ni. Mutum ne mai kirki, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ya buɗe ƙofar baya, na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo. Garin sabulu ne katan a kan katan har rufi, hanyar wucewa ma sai a karkace. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan kaɗan kika gani. Akwai wani siton da aka yi haya a bayan gari, shi ma ya cika. Mutanen maigidanki ba sa wasa, kafin mota ɗaya ta fita sun turo mini na mota biyu."

Kowane katan a wurin nan mun biya kuɗin kayan haɗinsa, mun biya wuta, mun biya leda da kwali da albashi, ga hayar sito. A takarda sunansa dukiya. Amma ba a biyan albashi da katan. Su kuma a masana'anta yawan abin da suka fitar ake dubawa a ba su bonas, ba yawan abin da aka sayar ba. Haka aka tsara tun kafin a ɗauke ni aiki, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Wato dai duk ranar da mijina ya dawo yana waƙa, ramin ya ƙara zurfi.

Alhamis, da yamma

Injin ɗinke leda ya lalace da safe, layi ya tsaya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Kafin la'asar Injiniya ya gyara shi. Ya bugo mini waya yana haki, wai an ce sai an kira masu gyara daga waje, shi kuwa da sifana biyu ya gama. Na ce ai na san hannunka. Kuma gaskiya na faɗa, ina alfahari da shi, abin da ya sa abin ya fi ciwo ke nan.

Asabar, da hantsi

Wanki. Da garin sabulun layi na uku. Yana kumfa sosai, ba a nan matsalar take ba.

Litinin, bayan an tashi daga taro



An zauna neman mafita. Wani ya kawo tsohuwar dabararmu: a riƙe kuɗin masu kawo mana kaya har wata ya mutu, asusu ya yi ƙiba ranar da za a rufe lissafi, washegari a biya. Oga ya ce hedikwata ta gane wannan tun bara, ba yara ba ne. Aka yi shiru. Ni ma na so in yi shirun, bakina ne ya ƙi.

Na ce a tsayar da layi na uku na sati uku. Kar a sayi kayan haɗi ko buhu ɗaya. A yi wa duk dilan da zai biya nan take ragi mai kyau, a kwashe abin da ke sito, a saki siton haya. Albashin ma'aikata ya ci gaba, bonas ne zai tafi.

Manajan masana'anta ya miƙe kamar an taka masa ƙafa. Ya ce layin da ya fi kowanne ƙoƙari shi za a kashe? Ya ce mutanensa za su ɗauka kora ce ta zo. Ya ce mu 'yan sama mun iya zama a sanyi muna danna kwamfuta. Na bar shi ya gama, sannan na nuna masa a zane layin kuɗin yana gangara zango bayan zango, na nuna masa layin katan yana hawa. Ya zauna.

Da aka watse Oga ya tsayar da ni. Ya ce, "Kin san abin da kika faɗa kuwa?"

Na ce, "Na sani, Oga."

"Gida fa?"

Na ce, "Gida yana nan lafiya."

Ya ce zai kai maganar sama yau.

Laraba, da azahar

Sun amince. Gobe za a liƙa sanarwa.

Alhamis, bayan magariba

Bai yi waƙa ba. Ya zauna a bakin gado da rigar aikinsa, ya ce, "Akanta, an ce mu kashe inji ranar Asabar. Wai gyara da share-share za mu yi sati uku. Inji lafiyarsa ƙalau. Ni ban taɓa kashe injin da ke aiki ba." Ya ɗago ya dube ni, na ga tambayar ta zo har bakinsa. Sai ya haɗiye ta. Ya san da takardar shiru, duk zango yana tsokanata da ita, wai matarsa ta shiga takaba da lissafi.

Ya ce, "Firij dai sai wani jiƙon."

Na ce, "Wannan ma yana sanyi."

Daidai lokacin firij ɗin ya yi nishinsa daga kicin, Auta ta fashe da dariya, shi ma ya murmusa. Na gode wa tsohon firij.

Lahadi, da la'asar

Matar mataimakin Injiniya ta zo da goyonta, wai wucewa take yi ta ce bari ta gaishe ni. Gidansu da namu mota biyu ake hawa. Mun gaisa, mun sake gaisawa, na kawo shayi, ta yaba labulena. Can ta ce, "Yaya, ke da kike sama, don Allah ko da ido ne ki nuna mini. In nemi abin yi ne ko in zauna?"

Na ce mata ba ni da bakin magana sai rahoto ya fita. Ta ce ta gane. Ba ta gane ba, kuma ba laifinta ba ne. Ta tafi ta bar shayin ko rabi ba ta sha ba.

Na tsani takardar nan.

Talata, lokacin hutun rana

Tagar ofishinmu tana kallon ƙofar da manyan motoci ke fita. Na juya teburina don in riƙa gani. Jiya ba a yi wani abin kirki ba, diloli suna jan ƙafa, suna jira ko za a ƙara ragi. Yau da safe wani babban dila ya biya, motocinsa suka shigo a jere. Na buɗe asusu na ga kuɗin ya sauka, na rufe, na sake buɗewa don in tabbata. Yarinya ƙarama ta ga sabon takalmi, haka na koma.

Masana'anta kuwa tsit a ɓangarensu. Ban san na saba da ƙugin layi na uku a ƙarƙashin ƙafata ba sai da ya ɗauke.

Laraba, bayan magariba

Ya sani.

Mai sito ne. Ba da mugunta ba, yabona ma yake yi. Wai ya ce masa, "Kai dai ka yi dace da mata, ai ita ta kawo shawarar a tsayar da ku, ga shi sito ya fara numfashi." A gaban yaransa na layi ya faɗa.

Ya jira sai da Auta ta shiga ɗaki da littafin makarantarta. Ya ce, "Ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

"Ranar da na zauna a nan ina gaya miki an ce mu kashe inji, kin riga kin sani."

"Na sani."

"Mutum talatin suna kallona yau. Wani ya ce, Oga, ashe daga gidanka wutar ta taso. Me zan ce musu?"

Ga amsar a bakina, cikakkiya, jimla biyu kacal. Da na faɗa da ya rungume ni, ko kuma da ya kwana bai runtsa ba, gobe layi duka ya ji, jibi ni da Oga mu tattara kayanmu. Na ce, "Ka ba ni zuwa ranar rahoto."

Ya ce, "To, Maman Auta."

Maman Auta. Rabon da ya kira ni haka tun ranar da na ɓatar masa da makullin babur.

Alhamis, da safe

Ya tafi bai sha shayi ba.

Juma'a, da safe

Ya sha shayi. A tsaye.

Asabar, da hantsi

Muna magana. Akwai gishiri? Akwai. An biya kuɗin wuta? An biya. Auta tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, jiya ta ce, "Umma, ku ma an sa ku yin shiru ne kamar a ajinmu?" Na ce e, wanda ya fara magana zai share aji. Ta ce to ita ce monita.

Ina jin haushinsa, bari in faɗi gaskiya. Shekara nawa muna tare, ya taɓa ganin na cuce shi? Ko na minti ɗaya bai tsaya ya ce matar nan tana da dalili ba? Sai kuma in tuna da mutum talatin ɗin, haushin ya sauka, ya bar ni da tausayi, wanda ya fi haushin nauyi.

Litinin, lokacin hutun rana

Motoci suna fita. Diloli sun ji labari a bakin juna, yanzu su ke bugo waya. An kwashe fiye da rabin siton haya. Na zana layin kuɗin na wannan satin, ya daina gangara, ya kwanta. Bai hau ba, amma ya kwanta. Na kai wa Oga, ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Kar mu yi murna tukuna." Amma na ji shi yana fito a hanyar banɗaki.

Akwai wani babban biya da zai fita kafin ƙarshen wata, na injin da aka sayo wa layin man shafawa. In ya fita ban san inda za mu tsaya ba. Ba zan yi tunaninsa yau ba.

Talata, da yamma

Ya dawo da leda ɗaya ta garin sabulu a hannu, ya ajiye a kan tebur. Ta yi ƙara kamar an ajiye bulo.

Ya ce ma'aikata sun yi kaɗan a wajen lodi, aka roƙi ya ba da yaransa, shi ma ya bi su siton haya. Bai taɓa shiga ba. A can ƙurya suka tarar da katan-katan da danshi ya kama, garin ya daskare. Ya juya ledar ya nuna mini lambar da injinsa ke bugawa a gefe. Ya ce, "Wannan na watan da aka ba mu kyautar ƙwazo ne. Har hoto aka ɗauke mu." Ya ajiye ledar. "Ni na ɗauka duk abin da ya bar hannuna yana gidan wani ana wanki da shi."

Ban ce komai ba. Wannan karon ba don takarda ba.

Ya ce, "Ba tambayarki nake ba. Na dai ce ki gani."

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Akwai sauran shayi?"

A zaune ya sha.

Alhamis, da azahar

Babban biyan ya fita. Asusu ya rame lokaci ɗaya. Saura abin da zai shigo gobe da jibi. Akwai dila ɗaya da ya yi alkawari, mutumin da alkawarinsa sai an bi shi da addu'a. Na buga masa waya da kaina, na gaishe shi, na gaida iyalinsa, na tambayi jikin mahaifiyarsa da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Hajiya, kuɗin ne dai ko?" Na ce kuɗin ne, Alhaji. Ya yi dariya ya ce gobe.

Juma'a, da la'asar

Ya biya! Allah ya saka wa mahaifiyarsa da alheri, ya ba ta lafiya ko ba ta ciwo.

Litinin, da safe

An rufe littafin zango. Na san lambar ƙarshe. Ta ɗago, ba da yawa ba, kamar mara lafiyan da ya karɓi cokali biyu na abinci. Ko ya ishi hedikwata, wannan ba a kwamfutata yake ba. Oga ya tafi da rahoton. Ya ce in yi addu'a, na ce tun yaushe.

Layi na uku ya shiga satinsa na uku a kashe. Injiniya ya wanke injin nan har yana ɗaukar ido, ya ce in aka ƙara wani satin fenti zai yi masa.

Laraba

Shiru daga hedikwata.

Alhamis, da hantsi

Rahoto ya fita. Takardar shiru ta mutu.

Layi na uku yana nan. Aikin rana kaɗai, babu na dare. Daga yau sashen kuɗi da na tallace-tallace za su riƙa ba da adadin katan da ake bukata kowace rana, bonas kuma a kan abin da aka sayar. Yawancin masu aikin dare an raba su sito da layin man shafawa. 'Yan kwantiragi biyar ba a sabunta musu ba. Na san fuskar biyu daga cikinsu, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Mataimakinsa yana cikin waɗanda suka tsira, na aika wa matarsa saƙo tun kafin in tashi daga kujera.

Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na buga wa Injiniya waya. Na fara daga farko, daga ranar da Oga ya goge tabarau. Ina ta zuba ban tsaya ba, zango huɗu na lissafi a numfashi ɗaya. Da na kai wurin maganar rufewa sai ya tare ni.

Ya ce, "Rufewa gaba ɗaya?"

Na ce, "Gaba ɗaya."

"Kina ɗauke da wannan kina zuba mini abinci, ni kuma ina miki fushi a kan bonas."

Na ce, "Har da shan shayi a tsaye."

Ya ce, "Akanta, ki bari mana." 

Litinin, bayan magariba

Yau aka tayar da layi. Oga ya ce tunda ni na kashe shi, ni zan kai musu adadin rana ta farko. Na sauka masana'anta, aka ba ni hula da abin toshe kunne, na yi kama da ban san me ba. Yaransa suka bi ni da ido. Wanda ya yi maganar wuta daga gidanmu, na gane shi ba tare da an nuna mini ba, don shi ya fi kowa sunkuyar da kai wajen gaisuwa.

Injiniya ya karɓi takardar, ya duba, ya ɗaga gira. Ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ranki ya daɗe, wannan ai kafin la'asar mun gama!"

Na ce, "To ku gama."

Da la'asar na sake saukowa, ba wanda ya aike ni. Leda na bin leda, katan na bin katan, lamba tana hawa a jikin allo. Injin yana tafiya sumul, ko tari babu. Lambar ta kai. Duk suka juyo suna kallonsa. Na ga hannunsa ya tsaya a saman maɓallin, na san abin da yake ji, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana hana injin nan tsayawa. Ya dube ni. Sannan ya danna.

Ƙugin ya sauka a hankali har ya ɗauke. Wani daga baya ya ce, "Yanzu me za mu yi, Oga?"

Ya ce, "Ku share wuri ku tafi gida. Gobe akwai aiki."

Tare muka fito ƙofar kamfani, rana ba ta faɗi ba.